Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Litinin, 6 ga Mayu, bayan La'asar

Yau kwana uku da dawowar Yaya Haruna. Na sayi littafin nan ne don rubuta makin ɗalibaina, ga shi ya ɓuge da ɗaukar abin da ba ni da wanda zan gaya wa. Gida cike yake da mutane, amma kowa ya kama bakinsa.

Abin da aka faɗa wa Inna shi ne babur ya kayar da shi a hanyar dawowa daga kai wa wani mutum riga a ƙauye, ya yi kwana tara a asibiti, aka ɓoye mata saboda hawan jininta. Baffa Yakubu, ƙanin marigayi Babanmu, shi ya tsara maganar. Ya tara mu a zaure ya maimaita mana ita har sau biyu. Baffa ya yi shekara talatin yana rajistara a kotu, don haka ko ƙarya zai yi, da tsari take fitowa. Kwana taran gaskiya ne. Asibitin ne babu, baburin ma babu.

Hannayen Yaya duka biyu a naɗe suke da bandeji har gwiwar hannu. Matarsa Batul ce take ba shi abinci a baki, ita take yi masa alwala. Babbar rigar da yake yi wa wani Alhaji na Ƙofar Galadima saboda Sallah tana zaure inda ya bar ta. Aikin aska takwas ne, ya gama biyar, allurar tana soke a jikin ta shida.

Inna ba ta leƙa sashinsa ba, kuma ba wanda ya yi mamaki. Ɗan farinta ne. Shekara arba'in da uku ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake, in dole ta yi zancensa sai ta ce "mutumin zaure". Kunyar ɗan fari kowa na yi a cikin birni, amma ta Inna daga ruga ta zo da ita, kuma irin wadda ba ta hutu ce. Baffa ya ce wannan ma rahama ce, tunda ba za ta je ta gani ba, ba kuma za ta tambaya ba.

Talata, 7 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Daga makaranta na wuce Gyallesu, sutudiyon Kabir. Ɗaki ɗaya ne da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. A nan muke mayar da finafinan waje Hausa, ni nake fassarawa in kuma yi muryar manyan mata. Shekara huɗu ke nan ina zama uwar miji a finafinan Indiya, na tsine wa surukai sun fi ɗari.

Wannan karon na Amurka ya kawo. Ya ce ba rawa, ba waƙa, ba ko faɗa mai daɗin kallo, shi kansa bai san ko zai shiga kasuwa ba, amma ya kalla jiya ya kasa cin abinci. Labarin wata baƙar fata ce mai suna Loreta, mai dafa abinci a makarantar yara. 'Yan sanda suka tare ɗanta Kalbin yana dawowa daga aiki, suka tafi da shi, bai fito da rai ba. Sauran fim ɗin duk yawonta ne daga ofis zuwa ofis.

Kabir bai san komai game da gidanmu ba, shi ma babur aka ce masa. Na kalli minti ashirin na ce kaina na ciwo. Ya zuba mini fim ɗin a waya, ya ce in kawo fassarar kashi na farko ran Asabar.

Alhamis, 9 ga Mayu, kafin in tafi makaranta

Allurar tana nan. Batul ta share zauren ta kewaye rigar.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Yaya bai je Juma'a ba, karo na uku ke nan a jere. Mutane sun biyo ta gida dubiya, kowa da labarin ɗan'uwansa da babur ya taɓa kayarwa. Wani ma har da shawarar a daina hawa bayan yaran da ba su da madubi a babur. Yaya yana ta cewa haka ne, haka ne.

Da na shiga taya Batul wanke-wanke ta gaya mini abin da ya faɗa mata, a hankali, fuskarta a kan kwano. Mota ce mai mutum goma sha huɗu. A shingen bincike aka haska fuskar kowa, shi kaɗai aka ce ya sauko. Sun ce fuskarsa irin ta mutanen daji ce, masu ɗaukar mutane. Suka sami almakashi da 'yar aska ta yanke zare a jakarsa.

Yaya fuskar Inna ya ɗauko, fari, siriri, mai dogon hanci. Ni kuwa Baba na biyo, baƙa mai faɗin fuska, tun muna yara ake tsokanarmu cewa ba ciki ɗaya muka fito ba. Mutumin da Fillancinsa bai wuce gaisuwa ba. Mutumin da ko ragon layya aka ce ya riƙe sai ya ce a bari ya je ya dawo. Tun yana shekara goma sha biyu yake zaune a zauren nan da allura.

Ta fara gaya mini yadda aka yi da hannayen. Na ce ta tsaya. Ba zan rubuta wannan ba.

Asabar, 11 ga Mayu, hantsi

Yadda nake aiki shi ne in rubuta Hausar a takarda, in auna ta da motsin bakin mai magana, sannan in karanta wa Inna kafin in kai sutudiyo. Ita ce alƙaliyar Hausata. Ba ta kallon fim, ta ce hayaniya ce, amma kunnenta ba ya barin kalma ta wuce a karkace. Tana saurare tana naɗe zaren siliki a kan 'yan guntayen kara. Wannan aikinta ne tun ina ƙarama: ta warware zare, ta naɗe, ta tara a ƙwarya, ta ce wa duk wanda ke kusa, "A kai zaure." Ba ta taɓa cewa na wane ne ba.

Na so in tsallake ta a wannan fim ɗin. Da safe ta ce ta ga ina rubutu kwana biyu ba ta ji komai ba, ko an sami wadda ta fi ta iya Hausa ne? Dole na ɗauko takardun.

Na karanta inda Loreta ta tsaya gaban teburin babban ɗan sanda. Na rubuta mata, "Ina neman adalci a kan ɗana." Inna ta ce wannan maganar lauya ce, uwa ba ta faɗin haka. Na ce to me take cewa? Ta ja zare ta ciza da haƙori.

"Cewa za ta yi, ku gaya mini abin da ya yi muku."

Na auna da bakin matar, ya zauna daram kamar da Hausa ta yi maganar. Na soke tawa na rubuta ta Inna.

Ƙwaryar ta kusa cika. Ba ta ce a kai zaure ba, ba ta kuma daina naɗewa ba.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan Magariba

Baffa ya kira ni sashinsa. Ya ce an shiga tsakani. Ranar Asabar ta sama, 25 ga wata, babban jami'in wancan wurin da aka tsare Yaya zai zo da kansa tare da mai unguwa da liman su ba da haƙuri. Akwai takarda da Yaya zai sa wa hannu, cewa raunin daga faɗuwa ne kuma ba shi da ƙorafi a kan kowa. Tunda ba ya iya riƙe biro, dangwale zai yi da babban yatsa.

Na ce Baffa, ai ba faɗuwa ya yi ba. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce shekara talatin ya yi yana ganin masu gaskiya suna shiga kotu da ƙafarsu suna fita da hawan jini, kuma mutanen nan sun san ƙofar gidanmu, mu kuwa ko sunayensu ba mu sani ba. Ya ce ya samo mana Haruna da rai, yana so ya ci gaba da ganinsa da rai. Ban ga ƙarya a maganarsa ba, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Baffa ne ya yi kwana tara yana zarya da sandarsa har aka sako shi, ni ina aji ina koyar da rubutun wasiƙa.

Ya ƙara ja mini kunne game da Inna. Za a ce mata baƙi ne masu dubiya.

Laraba, 15 ga Mayu, ƙarfe biyu

An yi ruwan farko. Yara sun fita tsakar makaranta suna ihu, na bar su.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan La'asar

Na je wurin Hafsat, ƙawata tun sakandare, yanzu lauya ce. Na tafi da takardar likitan ƙashi da muka kai Yaya wurinsa a ɓoye. Ta karanta sau biyu ta cire tabarau. Ta ce abin da likitan ya rubuta game da wuyan hannayen ba babur ke yin sa ba, kuma kowane alƙali ya san haka. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin nasara ba, za a daɗe, za a gaji, za a ji tsoro. Amma in Yaya ya dangwala yatsa a waccan takardar, to ko ita ba ta da abin yi, an rufe ke nan.

Ta ce shi ne zai yanke, ba ni ba. Na ce ba ki san gidanmu ba. Yaya bai taɓa yi wa Baffa musu ba ko a kan launin zare. Mutum ɗaya ce Baffa yake jin nauyinta, ita kuma ba ta zancen mutumin zaure.

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe biyar

Mun ɗauki kashi na farko. Akwai wurin da Loreta take zaune a kicin tana gaya wa 'yarta yadda ta koya wa Kalbin tun yana ƙarami ya ɗora hannu a kan sitiyari in an tare shi, ya yi magana a hankali, kada ya sa hannu a aljihu. Sau shida muna maimaitawa. Kabir ya ce, Malama Rahmatu, muryarki tana rawa tun kafin ta matar ta fara, ki jira ta mana.

Da muka huta ya ce shi abin da ke ba shi mamaki, mutum ya tsani mutum saboda fata kawai, Allah ya rufa mana asiri mu nan duk launinmu ɗaya. Na ce amin. Na sha ruwa.

A cikin keke ina dawowa na riƙa kallon fuskokin mutane a titi ina raba su, wannan zai wuce shinge, wannan za a ce ya sauko. Har Ƙofar Jatau ban daina ba. Na ji kunyar kaina ƙwarai, don ban sha wahalar rabawar ba ko kaɗan.

Lahadi, 19 ga Mayu, hantsi

Inna ta ba ni man kaɗanya a 'yar roba ta ce in bai wa Batul, wai ta ga ƙafarta na faso. Batul ba ta da faso.

Na kai, na zauna wurin Yaya. Ya rame, amma tsokanar tana nan, ya ce yau wace surukar na kora? Na gaya masa abin da Hafsat ta ce, ban rage komai ba. Ya ce duk abin da Baffa ya yanke shi ke nan. Na ce hannunka ne, ba na Baffa ba. Ya ce ya sani, yana jin su.

Har na miƙe zan fita ya ce, "Ta tambaya?"

Na nuna masa robar man. Ya yi murmushi ya juya fuska bango. Ya ce yana jin takunta da asuba in za ta ɗebo ruwan alwala, takan ɗan tsaya daidai tagarsa kafin ta wuce. Ya ce ya iya ƙirga tsayuwar, ba ta wuce numfashi uku.

Ban taɓa tunanin abin yana damunsa ba. Mu mun taso muna ganin haka, har dariya muke yi in baƙo ya tambayi Inna sunan babban ɗanta ta shiga kame-kame. Yau na ji tausayinsa har cikin raina, ba kuma saboda hannayen ba.

Talata, 21 ga Mayu, bayan La'asar

Na karanta wa Inna kashi na biyu. Ban duba abin da ke gaba ba kafin in fara, laifina ne. Wurin da babban ɗan sanda yake gaya wa Loreta cewa ɗanta faɗuwa ya yi a kan matakala. Na kai kalmar na tsaya. Na yi tari, na ce zare ne ya shiga mini maƙogwaro.

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Ashe can ma faɗuwa ake yi."

Ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da karatu da sauri har na kai inda matar ta tsaya a bakin kotu tana kiran sunan ɗanta da ƙarfi, sau tara, mutane suna amsawa. Inna ta tambaya ko yaron yana da wa ko ya. Na ce shi ne na fari. Ta ce, na fari, kuma take kiran sunansa haka a titi gaban maza? Na ce su can ba sa wannan kunyar. Ta ce Allah ya kyauta.

Can kuma ta ce in nuna mata matar. Inna da ba ta kallon fim. Na kunna mata a waya, ta riƙe ta nesa da fuska ta kalli wurin har ƙarshe, ta ce in mayar. Sau uku. Ta tambaye ni dalilin da ya sa aka tare yaron tun farko. Na ce ba dalili, kamanninsa ne kawai. Ta miƙo mini wayar ta ce rana ta yi, in je in duba tukunya.

Laraba, 22 ga Mayu, da safe

Ta sani ko ba ta sani ba? Na kasa tambayarta. Ƙwarya ta cika, ta ɗauko ta biyu.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na kasa yin wurin kiran sunan. Na buɗe baki sau huɗu gaban makirfo, abin da ke fitowa kamar ina kiran rajista a aji. Kabir ya ce mu bar shi sai wani satin.

Alhajin Ƙofar Galadima ya aiko a ji labarin rigarsa. Baffa ya ce a ba wani ya ƙarasa. Yaya ya ce a ba shi kwana biyu tukuna. Wannan ne karo na farko da na ji bai ce "to" nan take ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan La'asar

An wanke zaure, an shimfiɗa babbar darduma, an naɗe rigar an ɗora a kan akwati. Baffa ya shigo cikin gida ya tsuguna daga bakin ƙofar Inna ya ce mata, Yaya, gobe akwai baƙi masu dubiya, a yi musu ɗan abin taɓawa. Ta ce to, Malam Yakubu, baƙin daga ina? Ya ce abokan arziki ne. Ta ce madalla.

Batul ta warware bandejin babban yatsansa na dama don a ga ko zai iya dangwalawa. Zai iya.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan La'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Sun zo wajen sha ɗaya. Ni da Batul muna bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta inda ake miƙa abinci, muna gani ta tsagar ƙyaure. Baffa, mai unguwa, liman, da mutum biyu daga wancan wurin, cikin kaftani ba kaki ba. Sun kawo kwalin lemo. Babban nasu mutum ne mai natsuwa, da tabon sallah a goshi, ya iya magana. Ya ce lokaci ne mai wuya, yaransa suna aiki cikin tsoro, su ma ana kashe su, an yi kuskure, kuma ƙaddara ba ta wuce ranarta. Liman ya yi addu'a. Yaya yana zaune a gefe, hannayensa a kan cinya, kansa a ƙasa. Ƙaramin ya fito da takarda ya buɗe 'yar tawadar dangwale ya ajiye a kan darduma.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Inna ce, da babban mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa, ƙwaryar zare a hannu. Ta ce in matsa. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta shiga zauren nan da maza a ciki ba.

Ta yi sallama. Duk suka daburce, liman ya janye ƙafa, Baffa ya yunƙura zai tashi ya ce, Yaya, ai da kin bari mun shigo. Ta ce ya zauna. Ta ajiye ƙwaryar kusa da takardar, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali, ba gaggawa. Sannan ta fuskanci babban.

"Ku gaya mini abin da ya yi muku."

Mutumin ya dubi Baffa. Baffa ya dubi darduma. Mutumin ya ce, Hajiya, ai bai yi komai ba, kama ce aka yi, ya yi kama da waɗanda ake nema.

Inna ta sa hannu ta ja mayafin baya kaɗan, fuskarta ta fito duka.

"Da ni ya yi kama. Ga fuskar nan, ni na ba shi. In ita kuke nema, ba sai kun tare mota ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Mai unguwa ya fara cewa a yi haƙuri, ta ce haƙuri ta yi shi shekara sittin da biyu, ba yau za a koya mata ba. Ta juya wajen Baffa ta ce tun ranar da aka dawo da shi ta ɗauki kayan da ya zo da su daga cikin wanki. Wanda babur ya kayar, rigarsa takan yage a gwiwa ko a kafaɗa. Tasa ko zare bai fita ba, sai warin ɗakin da ba a buɗewa.

"Ni ba ni da bakin tambaya, ku kuma kuka ga abin ya yi muku daidai."

Baffa ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na ga ya tsufa a wurin.

Daga nan ta juya. Ta dubi Yaya Haruna, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Haruna."

Batul ta damƙe hannuna. Yaya ya ɗago kai kamar bai gane daga ina muryar ta fito ba.

"Haruna, tashi mu shiga ciki."

Ya kasa dafa ƙasa saboda hannayen. Ita ta sunkuya ta kama shi ta ƙarƙashin hammata ta taimaka masa ya miƙe, gaban liman da kowa. Suka wuce mu a bakin ƙofa, ba ta sake shi ba har ɗakinta. Tawadar tana nan a buɗe a kan darduma har baƙin suka tafi. Sun bar lemonsu, Baffa ya sa aka bi su da shi.

Na auna mata jini da yamma. Ya hau kaɗan, ba kamar yadda muka ji tsoro ba.

Lahadi, 26 ga Mayu, hantsi

Baffa bai fito karin kumallo ba. Na kai masa kunu, ya karɓa, ya ce in gaya wa Batul ta riƙa kulle ƙofar gida da wuri. Daga baya ya ce in kawo masa takardar likitan ya gani, wai lauyoyin yanzu ba su iya jera takardu ba. Tsoro yana nan, nawa da nasa, ban ga alamar zai tafi kwanan nan ba.

Inna ta koma gidan jiya. Da safe ta miƙo mini ƙwai biyu ta ce in kai wa mutumin zaure. Na tsaya ina kallonta, ta ce me nake kallo, ko ban ji ba ne?

Na same shi zaune a bakin gado, Batul ta sa masa ƙullin zare ɗaya a tafin hannu yana ƙoƙarin rufe yatsu a kai, yadda likita ya ce. Biyu suna motsi, uku ba sa yi. Na gaya masa an mayar da shi mutumin zaure. Ya yi dariya har ya yi tari.

Ya ce, "Kin ji ta jiya?"

Na ce na ji, sau biyu ma.

"Tun ina yaro nake tunanin yadda zai fito a bakinta. Ashe ta iya faɗinsa daidai."

Ya sake matse zaren, ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Na durƙusa na ɗauko na mayar masa a hannu.

"Ki ce wa ƙawarki lauya ta zo gobe," in ji shi. "Zan faɗa mata tun daga inda aka ce in sauko."